Shin Kwamfuta Na Ƙara Wa Karatun Jami'a Inganci? Inda Take Amfani Da Inda Take Cutarwa

Idan jami'a ta sayi kwamfutoci ɗari biyar, ta rataya majigi a kowane zauren lakca, ta ja intanet har ɗakunan kwanan ɗalibai, shi ke nan karatu ya inganta? Tambayar ta daɗe, amma abubuwa biyu ne suka sake tayar da ita. Na farko annobar korona ta 2020, lokacin da rufe makarantu ya shafi ɗalibai fiye da biliyan 1.5 a faɗin duniya bisa ƙiyasin UNESCO, jami'o'i suka koma intanet cikin 'yan makonni ba tare da shiri ba. Na biyu fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke rubuta amsar duk abin da aka tambaye ta, a ƙarshen Nuwamban 2022, wanda ya sa malamai suka fara shakkar duk wani aikin gida da ɗalibi ya miƙo. Tun daga nan mutane suka rabu biyu: masu cewa zamanin allo da alli ya wuce, da masu cewa na'ura ce ta lalata ɗalibai. Kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya, sai dai duka biyun sun fi kallon na'urar a kan abin da ake sa ɗalibi ya yi da ita.

Me ake nufi da inganci, me ake nufi da amfani da kwamfuta?

Ingancin koyarwa ana auna shi ne a jikin ɗalibi: abin da ya iya yi a ƙarshen zangon karatu wanda bai iya ba a farkonsa, da yawan waɗanda suka faɗi, da abin da ya rage a kansa bayan an wuce jarrabawa da watanni. Yawan na'urorin da ke cikin gini ba ya cikin ma'aunin.

Shi kuwa "amfani da kwamfuta" suna ne ɗaya da aka laƙa wa ayyuka daban-daban. Akwai isar da darasi, wato bidiyo da littattafan lantarki da rubutun da ake haskawa a majigi. Akwai dandalin tafiyar da kwas, irin Moodle da Martin Dougiamas na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002 kyauta, ko Canvas da Blackboard, inda malami ke ajiye kayan karatu, ya karɓi aiki, ya ba da maki. Akwai atisaye da gwaji wanda na'ura ke gyarawa nan take. Akwai kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya. Akwai kuma kayan aikin sana'ar kanta, kamar manhajar zanen injiniyoyi ko ta ƙididdiga, waɗanda ɗalibi zai tarar a wurin aiki. Galibin jami'o'i kan tsaya a kan na farko domin shi ya fi sauƙi, alhali shi ne mafi ƙarancin tasiri. Malamin da ya kwashe tsohon rubutunsa ya zuba a majigi yana karantawa, ɗalibai na kwafa, bai canza komai ba face ya ƙara gudu, ɗalibin da dā yake bin hannunsa a allo yanzu ma ba ya cim masa.

Alƙawarin da aka sha yi

Tun 1960 Jami'ar Illinois a Amurka ta fara tsarin PLATO, inda ɗalibi ke zama gaban allon na'ura yana amsa tambayoyi. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta saki kayan kwasa-kwasanta a intanet kyauta. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira da suke koyarwa a Jami'ar Stanford ga kowa ta intanet, mutum kusan dubu 160 suka yi rajista, kimanin dubu 23 suka kai ƙarshe. Shekarar da ta biyo baya aka kafa Coursera da edX, dandalin kwasa-kwasan intanet guda biyu, aka yi ta cewa jami'o'in gargajiya sun kusa rufewa.

Ba su rufe ba. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a dandalin edX ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017/2018, kusan mutum 3 ne kawai cikin 100 suka kammala kwas ɗin da suka shiga. Darussan ba su da laifi, manyan malamai ne suka shirya su. Abin da ya rasa shi ne wanda zai lura ɗalibi ya ɓace a mako na uku, da abokan karatu, da ranar da dole a miƙa aiki. Wannan ya koya wa masu nazarin ilimi cewa samun darasi a hannu abu ne guda, koyonsa kuma wani abu ne daban.

Inda kwamfuta ta fi ƙarfi: gyara kuskure tun yana ɗanye

A ajin mutum ɗari huɗu, malami ɗaya ba zai iya duba aikin kowa duk mako ba. Sai ya ba da gwaji sau ɗaya ko biyu a zango, sakamako ya fito bayan wata guda, lokacin an gina darussa huɗu a kan fahimtar da tun farko ta karkace. Nan ne kwamfuta ke da aikin da hannu ba zai iya ba: ta tambayi kowane ɗalibi, ta gaya masa ya yi daidai ko ya kuskure cikin daƙiƙa, ta kuma nuna wa malami inda aji ya yi tuntuɓe.

Hujjar hakan tana da ƙarfi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kimanin kashi 40 cikin 100, waɗanda aka gwada kuwa kimanin kashi 61. Ƙoƙarin tuno abu shi kansa koyo ne. Sannan a 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. A azuzuwan lakca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a inda ake sa ɗalibai aiki da tunani cikin aji kuwa kusan kashi 22. A aji mai mutum ɗari huɗu, wannan bambancin ya kai ɗalibai kusan hamsin.

Ga yadda ake yinsa a aikace, bisa tsarin da Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya fara a farkon shekarun 1990. Malami ya yi bayani na minti goma zuwa sha biyar, sai ya haska tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu. Tambayar ta fahimta ce, wadda ba a amsa ta da hadda, kuma kowace amsar ƙarya a cikinta kuskure ne da aka san ɗalibai na yi. Kowa ya yi shiru na minti ɗaya ko biyu, ya zaɓa a wayarsa shi kaɗai. Malami ya duba alƙaluma a allonsa ba tare da ya nuna wa aji ba, domin da zarar sun ga inda rinjaye yake za su bi yarima a sha kiɗa. Idan fiye da kashi 70 sun dace, ya yi gajeren bayani ya wuce. Idan ƙasa da kashi 30 ne, bayaninsa ne bai shiga ba, sai ya sake ta wata hanya. Idan kuwa tsakani ne, sai ya ce kowa ya juya ya nemi wanda amsarsu ta bambanta, ya gamsar da shi cikin minti biyu zuwa uku. Zauren ya kaure da muhawara, wannan na zana wa wancan a bayan littafi, sannan a sake zaɓe. Yawanci masu dacewa kan ƙaru sosai, saboda wanda ya gane abu yanzu-yanzu ya fi farfesa tuna inda wahalar take.

A lura da ɗan abin da na'urar ta yi a nan: ƙidaya ce kawai, da ɓoye sunan mai amsa don mai kunya ma ya shiga. Ana iya yin haka da katuna masu launi. Amfanin kwamfuta shi ne tana ajiye bayanan, malami ya koma ofis ya ga wace tambaya ce ta kayar da aji, kuma su waye suka yi mako uku suna kuskure.

Bayan aji kuma, gajeren gwaji na mako-mako a dandalin kwas: tambaya goma, minti goma sha biyar, a ba ɗalibi damar gwadawa sau biyu ko uku, a ɗauko tambayoyin daga rumbu mai aƙalla ninki uku na abin da kowa zai gani. Makinsa ya zama kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 na kwas gaba ɗaya. Idan ya yi yawa, satar amsa ta shigo. Idan babu maki ko kaɗan, ba wanda zai yi. Kuma kowace amsar kuskure a rubuta mata jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana dalili, don "ba daidai ba" kaɗai ba ya koyar da kowa. A saka tambayoyi biyu ko uku daga makonnin baya, saboda abin da ba a waiwaya ba yakan zube.

Bidiyo: tsawonsa da nauyinsa

Dabarar da ake kira juya aji ita ce ɗalibi ya kalli bayani a bidiyo kafin ya zo, lokacin aji kuma a yi aiki. Tana aiki idan an kiyaye abubuwa biyu. Na ɗaya tsawo. Philip Guo da abokansa sun bi diddigin kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a edX a 2014, suka ga cewa hankalin mai kallo kan fara gushewa bayan minti shida, komai tsawon bidiyon. Don haka ɗaukar lakcar awa biyu daga bayan zaure a ɗora wahalar banza ce. A yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane guntu ya ɗauki batu ɗaya, a biyo shi da tambaya biyu. Sauti ya fi hoto muhimmanci: ɗalibi zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai jure muryar da ke amsa-kuwwa ba, saboda haka ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a riga ya fi kyamara mai tsada amfani.

Na biyu nauyi. Bidiyon da ke cin megabit 1.5 a daƙiƙa zai ci kusan megabait 675 a awa guda (megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya). Murya kaɗai mai kilobit 64 a daƙiƙa ba ta wuce megabait 29 a awa. Ɗalibi mai kwas shida, kowanne da awa biyu na bidiyo a mako, zai buƙaci fiye da gigabait 8 duk mako. Wanda ke sayen data daga kuɗin abincinsa zai daina kallo ne kurum, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Maganin shi ne a ba da kowane darasi ta siga uku, bidiyo da murya da rubutu, a kuma bari a sauke a ajiye maimakon dole sai an kalla kai tsaye. Rubutun yana taimaka wa kurame, kuma idan rubutu ne na ainihi ba hoton shafi ba, manhajar da ke karanta wa makafi za ta iya karanta shi.

Kwaikwayon gwaji

Carl Wieman, wanda ya ci lambar Nobel a fiziks a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado a 2002. Ɗalibi na haɗa da'irar lantarki a allo, ya ƙara batir, ya ga yadda wutar ke gudana, abin da ido ba ya gani a waya ta gaske. Yana da kyau a matsayin share fage kafin shiga ɗakin gwaje-gwaje. Amma wanda bai taɓa riƙe kwalbar sinadari ko ya daidaita madubin ganin ƙwayoyin cuta da hannunsa ba, kwaikwayo ba zai ba shi wannan ƙwarewar ba.

Jarrabawa ta kwamfuta

An fi yabonta da saurin fitar da sakamako, amma babbar ribarta da ake watsi da ita ita ce tana auna tambayoyin kansu. Misali, ɗalibai 200 sun zauna jarrabawa. A ware kashi 27 na sama da kashi 27 na ƙasa, mutum 54 kowane rukuni. Idan 45 daga na sama sun ci wata tambaya, 18 daga na ƙasa suka ci, bambancin 27 ne, a raba da 54 ya ba da 0.5: tambayar tana bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba. Idan adadin ya gaza 0.2, a sake duba ta. Idan kuwa na ƙasa sun fi na sama ci, to akwai yiwuwar amsar da aka shigar wa na'ura ce ba daidai ba, kuma an zalunci masu ƙoƙari. Moodle na fitar da irin wannan lissafi da kansa, sai dai malamai kaɗan ne ke buɗe shafin.

Haɗarinta kuwa shi ne kwas gaba ɗaya ya koma tambayoyin zaɓi domin su na'ura ke iya gyarawa. Ɗalibin shari'a ko tarihi da ya shekara huɗu bai rubuta hujja mai shafi uku ba an cuce shi, ko da sakamakonsa na fitowa a ranar da ya zauna jarrabawa. A ɓangaren gudanarwa, a tanadi kwamfutocin ko-ta-kwana kamar kashi 10 cikin 100, a sa manhajar ta riƙa adana amsa duk bayan 'yan daƙiƙu, a ajiye babbar na'urar da ke riƙe da tambayoyin a cikin harabar jami'a don yankewar intanet kada ta tsayar da jarrabawa, a kuma yi gwajin cika zaure kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da masu adawa ke faɗa

Suna da hujja, kuma bai kamata a rena ta ba. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point an raba azuzuwan tattalin arziki ta hanyar ƙuri'a, wasu aka bar su da kwamfutocinsu a cikin aji, wasu aka hana. Waɗanda aka bari sun samu ƙasa da takwarorinsu da kusan maki 2 cikin 100 a jarrabawar ƙarshe, a makarantar da ta shahara da tsananin horo. Na'urar da aka buɗe ba tare da an ba ta aiki ba, ita ke nema wa kanta aiki.

Wani binciken na 2017 da Eric Bettinger da abokansa suka yi kan ɗalibai fiye da dubu 230 a wata babbar jami'a mai zaman kanta a Amurka ya gano cewa ɗaukar kwas ta intanet zalla maimakon cikin aji na rage maki, yana kuma ƙara yiwuwar barin makaranta, kuma masu raunin karatu ne suka fi jin jiki. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin duka. Ɗalibi mai ƙwazo da tarbiyyar karatu zai ci gajiyar komai aka ba shi. Wanda ke buƙatar a ja shi a jiki, shi ne ake bari da allo shi kaɗai, sau da yawa kuma don a rage kashe kuɗi ne aka yi hakan.

Ƙirƙirarriyar basira

Da ChatGPT ya fito, jami'o'i da dama sun fara da neman manhajar da za ta kama ɗalibin da na'ura ta rubuta wa aiki. Hanyar ba ta ɓulle ba. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya janye manhajarsa ta gano rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar kuma masu bincike a Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne a matsayin aikin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Hukunta ɗalibi da hujjar irin wannan manhaja kaɗai zalunci ne.

Abin da ya fi shi ne a sake fasalin aikin. A karɓe shi mataki-mataki: tsari a mako na uku, daftari a na shida, kammalalle a na goma. A ƙara da ganawar baki ta minti biyar, a tambayi ɗalibi me ya sa ya zaɓi wannan hujjar ya bar waccan. Wanda bai yi aikin ba, tambaya ta biyu ke tona shi. A kuma koya musu cewa manhajoji irin ChatGPT na iya ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Ɗaya daga cikin atisaye masu amfani shi ne a sa ɗalibi ya nemi amsa daga na'urar, sannan ya zauna ya binciko kurakuranta da hujja daga littafi.

Abin da ke kashe shirin tun kafin ya yi nisa

Kuɗin sayen na'ura shi ne ake gani, don haka shi ake warewa. Kwamfuta kuwa takan tsufa cikin shekara huɗu zuwa biyar, tana buƙatar mai gyara, da sabunta manhaja, da lasisin da ake biya duk shekara. Ɗakin kwamfutar tebur 300, idan kowace na jan wat 100, yana buƙatar kilowat 30 kafin a yi maganar sanyaya ɗaki. Na'urar waifai guda da ke wadatar ofis ba za ta ɗauki zauren mutum ɗari huɗu ba. Masu harkar kan ƙiyasta na'ura ɗaya ga kowane mutum 25 zuwa 30 a wuri mai cunkoso. Makin ɗalibai kuma a ajiye shi kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a wajen ginin, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci don a tabbatar yana nan.

Sai malamai, waɗanda su ne ƙashin bayan abin. Bitar kwana biyu kan inda ake latsawa ba ta canza yadda mutum ke koyarwa. Rubuta tambaya mai kyau guda ɗaya, da amsoshin ƙaryarta da bayanin kowacce, na iya cin rabin awa, kwas ɗaya kuma na buƙatar ɗaruruwa. Idan ba a rage wa malami nauyin aji a zangon da yake gina kwas ba, kuma ƙarin girma bai san da wannan wahalar ba sai takardun bincike, to zai ɗora tsohon rubutunsa a dandali ya koma harkarsa, kuma ba a ga laifinsa ba. Idan shirin ya mutu sai a ce malamai ba sa son canji, an bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka ya fi dacewa a fara da kwas biyu ko uku na shekarar farko, masu cunkoso da yawan faɗuwa. A ajiye sakamakon shekaru uku da suka wuce, a bar jarrabawar ƙarshe a matakin wahalarta na dā, sannan a kwatanta: nawa suka faɗi, nawa suka janye, kuma yaya masu rauni suka yi idan aka ware su daban. Ɗalibi ko mahaifin da ke son sanin gaskiyar abin da jami'a ke tallatawa shi ma yana da tambayoyin da zai yi: sau nawa a mako ɗalibi ke amsa tambaya a gyara masa, kwana nawa aiki ke yi kafin ya dawo da sharhi, ana iya sauke darasi a karanta ba intanet, kuma wa zai kira ɗalibin da ya yi mako biyu bai shiga dandali ba?